Kukan Sawol a Jar Ƙofa

Sawol ba ta taɓa ganin sarauniya da rai ba, amma ta yi wa wata bauta tun tana da jini a jika har haƙoranta suka fara zubewa. Ita kuwa sarauniyar, da za a tashe ta a gaya mata cewa sarauniya ce, da ita ma sai ta riƙe baki.

A kan tudun da ke bayan ƙauyen Norumok akwai wani tsohon kabari da ba wanda ya san mai shi. Myo ne kawai, kabari irin na kowa, tulin ƙasa da ciyawa ta rufe. Shanu kan kwanta a gindinsa, mata kan shanya ganyen miya a kansa saboda rana na dukan wurin da kyau. Ana nan sai aka yi sabon sarki a babban birni, sojan wannan yanki namu na arewa, wanda ya kawar da tsohon gidan sarauta ya kafa nasa. Sabon gida kuwa dole a nemo masa tsohon tushe. Sai ya waiwaya baya, ya naɗa ubansa da kakansa da na gaba da su har hawa huɗu, ya ce sarakuna ne, matansu kuma sarauniyoyi, alhali dukansu sun daɗe da zama ƙasa.

Wata rana da kaka mahaya suka shigo Norumok, suka haye tudun, suka kore shanu, suka kifa goshi a ƙasa gaban wannan tulin. Ashe wadda ke ciki kakar kakan sarki ce. Daga ranar aka hana kowa ce masa myo. Nung ne, kabarin sarauta. Kalma ɗaya aka canja, ita ce ta cinye ƙauye sukutum.

Makkum, maƙwabciyar Sawol, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Af! Ashe shekara da shekaru a ruwan cikin sarauniya nake shanya ganye. Shi ya sa miyata ta fi ta kowa a garin nan."

Mata suka tuntsure da dariya a bakin rafi. Sawol ce kaɗai ba ta yi ba, don ita tana da ajiya a kan tudun.

Da bazarar da ta gabaci zuwan mahayan ne Baƙuwa ta sauka a Norumok, ciwon nan mai ƙuraje da ba ma kiran sunansa don kada ya ji ya dawo. Ta ɗauki yara da dama, har da Bunyi, 'yar Sawol ɗaya tilo, wadda ta fara iya bin uwarta rafi riƙe da gefen zane. A wurinmu yaron da ya riga iyayensa tafiya ba a yi masa makoki. Ba a tula masa ƙasa, ba a sa masa farin kaya, ba a ɗaga murya a kansa. Uba ne ke naɗe shi a tabarma ya goya a baya ya tafi da shi shi kaɗai, ba ya kuma gaya wa uwa inda ya sa shi, wai don kada zuciyarta ta riƙa komawa can. Da Sawol ta buɗe baki za ta kurma ihu, surukarta ta toshe mata shi da tafin hannu, ta ce, "Haɗiye shi. 'Yar da ta bar ki ba ta ci kukanki ba." Ta haɗiye. Amma da sassafen da mijinta Oksan ya fita da tabarma, ta laɓe a bayan rumbu, ta bi shi da ido har ya tsaya ƙarƙashin wani dutse mai rankwafawa a kafaɗar tudun, ba nisa da tsohon kabarin. Daga wannan rana kuma mutane suka daina ce mata Uwar Bunyi. Suka koma kiranta da sunan ƙauyen da aka auro ta, sai ka ce ba ta taɓa haihuwa ba.

To, sai ga dokar nung. Aka ja iyaka ta zagaye tudun duka, tun daga rafi har ƙoli. Aka kafa jar ƙofa a bakin hanyar hawa, dogayen ginshiƙai biyu ba bango ba ƙyaure, amma ta fi ganuwa tsaro. Cikin iyaka ba sara, ba kiwo, ba noma, ba wuta, ba binne kowa. Ba kuma kuka, ko a gidajen da ke gindin tudun, don sarauniya na hutawa. Duk mai kabari a ciki ya tone nasa ya fitar kafin sanyi ya shigo. Wanda ya ɓoye kuwa, in aka gano, shi da duk wanda ya sani bai faɗa ba, sanda ce da kora zuwa bakin iyakar ƙasa, inda ba a dawowa.

Oksan ya same ta tana sussukar gero, ya tsuguna, ya ce, "Gobe zan je in faɗa musu."

"Ka faɗa musu me?"

"Kin san me."

"Ai kabari suka ce. Kai da uwarka kuka ce yaro ba shi da kabari. To, tunda ba kabari ba ne, me za ka je ka faɗa?"

"Ke dai ba kya jin tsoro."

"In ka tono ta ina za ka kai ta? Manya ake sake wa makwanci. Ita a kwazazzabo za su ce ka watsar, ka kuwa sani. Baban Bunyi..."

"Daina kirana da wannan sunan!" Ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, sannan ya rage murya. "Daina, don girman iyayenki."

Bai je ba. Maƙwabta suka yi ta tone iyayensu suna fita da su a akwatuna, shi kuwa ya yi gum da bakinsa.

Sannan aka zo da zaɓi. Tunda an ƙwace gonakin tudu, wanda ya so ya tashi ya koma hayin babban kogi, a ba shi sabuwar ƙasa. Wanda ya so ya zauna, a sa shi cikin masu gadin nung: ba haraji, ba aikin soja, ga 'yar gona a ƙasan rafi. Sai dai aikin gado ne, daga uba sai ɗa, kuma mai gadi ba ya kwana a wani gari sai da izini. Oksan ya riga ya fara ɗaure kayan noma. Ya ce ƙasar hayin kogi baƙa ce wuluk, ko tsinke ka jefa sai ya tsiro.

Sawol ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar aurensu. Ta ce, "In ka tafi da ni, a hanya za ka binne ni."

"Kin san ma'anar mai gadin nung kuwa? Ba ni kaɗai za a ɗaure ba. Har ɗana, har ɗan ɗansa."

"Ba mu da ɗa."

"Yau ne ba mu da shi."

Ta yi ta roƙo har ya kwance kayan. Ni ban ga laifinta ba, don duk uwar da aka toshe wa baki ta san abin da ke cinta. Amma ban ce ta yi daidai ba, kuma ita ma daga baya ba ta ce haka ba.

Abin takaicin shi ne, zaman bai kai ta ga dutsen ba ko sau ɗaya. Mace ba ta wuce jar ƙofa. Matan masu gadi aikinsu a ƙasa yake, a gidan hidima: su daka shinkafar hadaya, su goge kwanonin tagulla da toka har sai sun ga fuskarsu a ciki, su wanke tabarmin da manya za su durƙusa a kai. Sau da dama a shekara manya kan zo daga birnin lardi su jera wa sarauniya abinci kala-kala, su zuba mata giya, su karanta mata dogon sunan da aka ƙaga mata, wanda ko ita ba za ta iya maimaitawa ba. Matar da wataƙila ta mutu tana surfen gero, ga ta ana kai mata naman sa a kwano mai ƙafa. Sawol ba ta taɓa jin haushinta ba, sai ma tausayi. Takan ce a ranta, ita ma ba a tambaye ta ba. Wani lokaci har takan roƙe ta a zuci, mace da mace, ta riƙa duba mata yarinyar tunda ga su kusa da juna.

Daga dutsen wanki na bakin rafi ana hango dutse mai rankwafawa, don haka Sawol ta zama mai yawan wanki. Makkum takan ce, "Ke, rigar mijin nan naki wanki ne zai kashe ta, ba sawa ba." Sai kuma aka ba da umarni a dasa itacen sol, dogon nan da ba ya zubar da ganye ko da sanyi, a tudun duka, don nung ba ya zama tsirara. Oksan da sauran maza suka dasa da hannunsu. Shekara kaɗan itatuwan suka kai ƙugu, suka kai kai, suka haɗe. Wata bazara Sawol ta ɗaga ido daga wanki ba ta ga komai ba sai kore. Ta ci gaba da zuwa wankin duk da haka.

A cikin waɗannan shekaru ne ta haifi Chadol, namiji, sai ta sake samun suna: Uwar Chadol. Ranar da ya faɗo, Oksan ya ɗauke shi ya daɗe yana kallonsa. Ita ta san abin da ke ransa: an haifi wani mai gadin.

Aikin gadi kuwa ba ya kashe mutum lokaci ɗaya, a hankali yake cinsa. Da damina a tsuguna a cire ciyawar banza daga jikin kabarin da yatsu. Da sanyi a share dusar ƙanƙara tun kafin ta kwanta. Kullum a zaga iyaka. In wani matalauci daga wani ƙauye ya saci reshe don ya ɗumama ɗakinsa, mai gadin wannan gefen ake shimfiɗewa a yi wa sanda. Shekarar da aladen daji ya yi tono a gindin kabarin, Oksan ne ke da zagaye, aka yi masa dukan da ya bar shi yana jan ƙafa har ƙarshen ransa. Ga daji a bayan gida, itace ko'ina, amma sai su Sawol sun yi tafiyar rabin yini su samo na girki. Duk wannan Oksan bai taɓa ce mata ke kika jawo ba. Da ya faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Da ajalinsa ya zo, yana kwance a gefen da ɗaki ya fi ɗumi, ya kira ta da ido, ya jira Chadol ya fita. Ya ce, "Nakan bi ta wurin. Dutsen na nan. Ban taɓa bari ƙaya ta tsiro ba."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"In na gaya miki sai ki tambaye ni gobe, ki tambaye ni jibi, wata rana a ji." Ya yi numfashi. "Kada ki gaya wa yaron. Mai gadi ne zai zama. In ya sani bai faɗa ba, wuyansa ne. In ya faɗa, uwarsa ya kashe. Ki fitar da shi daga nan, Uwar Chadol. Shi kaɗai na bar miki."

Aka ɗauki gawarsa shiru kamar ana satar kaya, sai da aka haye gadar rafi aka fita daga iyaka sannan aka ce mata to, yanzu ta yi. Ta yi kukan miji yadda ya kamata, amma wancan na farko yana nan inda ta haɗiye shi.

Chadol ya gaji lauje da tsintsiyar ubansa. Yaro ne mai hannu. Tun yana ƙarami in ya sami guntun katako sai ya fiƙe cokali, ya yi akushi, ya gyara wa maƙwabta ƙyaure da ƙafar garma. Ka ji ikon Sama: masassaƙi aka haifa a tsakiyar dajin da ba a ɗaga gatari. Yakan tsaya gaban wani miƙaƙƙen sol ya shafa jikinsa ya ce wa uwarsa, "Omoni, wannan da a bakin teku yake, da ƙashin bayan jirgi ne." Ita kuwa ta ce, "Sauke hannunka kafin wani ya gani." Sau ɗaya aka aike shi bakin teku ya karɓo busasshen kifin hadaya, ya ga inda ake sassaƙa jirage, ya dawo kamar wanda aka yi wa asiri. Ya yi aure, ya sami ɗa namiji, ya zama mutum mai shiru irin ubansa. Abin da ya sani kawai shi ne abin da kowa ya sani a Norumok, cewa ubansa ya so tashi uwarsa ta hana. Dalili kuwa kowa da nasa. Makkum cewa take yi tsoron haraji ne.

Sawol ta gwada duk hanyar da ta sani. Ta roƙi wakilin da hukuma ta ɗora a kan kabarin a wancan lokaci, ya ce mata doka ba tasa ba ce. Ta je wurin mai duba, ya cinye mata kaza. Ta yi tunanin su gudu, ta tuna an taɓa kamo wani da ya gudu, aka dawo da shi da igiya a wuya, aka kuma ɗora wa ƙaninsa aikinsa. Gaba kura, baya siyaki. Haka furfura ta cika mata kai.

Sai aka kawo sabon wakili, Yun, wani malami siriri mai sanyin hali, wanda ya fi son zama da littafi a kan duba iyaka. Bai daɗe ba labari ya zo daga sama cewa dajin ya girma, masu gadi sun yi yawa, a sallami wasu gidaje su koma talakawa masu biyan haraji kamar kowa, kuma wakili ne zai zaɓa. Ban taɓa ganin mutane na ɗokin biyan haraji ba sai a wannan shekarar.

Sawol ta ɗaura ɗamara. Ta lura Wakili Yun na fama da tari, ta riƙa dama masa kunun gero da zuma tana kaiwa gidan hidima. Ta ɗinke masa safa. Ta jira sai ranar da ta ga ransa fari, ta durƙusa a bakin baranda.

"Ranka ya daɗe, ni na tsufa a nan, ba komai. Amma yaron nan hannunsa na katako ne, ba na lauje ba. Ubansa ya bar ƙafarsa a tudun nan. A bar masa ɗansa."

Yun ya ajiye littafinsa ya ce, "Iya, ai ba sai kin durƙusa ba. Na ga akushin da ya yi mini. Gidanku na cikin waɗanda zan sallama da kaka."

Ta fito ta nufi gida. A hanya ne ta gane abin da ta roƙa: in an sallame su, tashi za su yi, ita ma ta bi su, ta bar Bunyi a ƙarƙashin dutse ba uba ba uwa. Ta tsaya a bakin rafi ta dubi tudun. Sannan ta ce a ranta, na riƙe matacciya na ɗaure rayayye, ya isa. Ta shiga gida ta gaya wa Chadol. Mutumin da bai iya dariya ba ya ɗaga ɗansa sama har kansa ya bugi rufi. Ya nemi izini ya je bakin teku, wani mai sassaƙa jirage ya ce ya zo da kaka akwai wuri. Matarsa ta fara ɗinke buhunan tafiya.

Ana saura kaɗan a yi girbi, ɗan aike ya shigo a guje da farin ƙyalle a hannu. Sarki ya rasu. Ba wanda ya naɗa kakarsa ba, wancan ya daɗe da bin ta, wani ne cikin zuriyarsa. Umarni ya zo: duk ƙasa ta sa fari ta yi kuka. Mutanen nung kuwa, maza da mata, su hallara a jar ƙofa safe da yamma har kwana uku, su fuskanci tudun su yi, don sarauniya ta ji an yi rashin jikanta.

Suna hawa da fararen rigunan rama, Makkum ta zunguri Sawol ta nuna mata tafarnuwa a cikin hannun riga. "Ungo rabi. Ni idona ya bushe tun mutuwar saniyata."

"Riƙe abarki. Zan ɗan yi aigo biyu in rufa wa kaina asiri."

"Ki dai yi a hankali, kada ki tashi maƙwabciyarmu daga barci ta tambayi ganyen miyarta."

Da gaske Sawol ta yi niyyar aigo biyun, wato wayyon da muke ja a makoki. Aka jera su, maza gaba mata baya, Wakili Yun ya ɗaga hannu, murya ta tashi, irin kukan nan na haya da ake ja ana saukewa tare. Ba ta taɓa hawowa har jar ƙofa ba sai ranar. Ta durƙusa ta ɗaga kai, sai ga shi ta tsakanin jikin itatuwa, don sun yi tsawo ƙasansu ya buɗe: dutse mai rankwafawa, ya yi gansakuka, ya fi yadda take tunawa ƙanƙanta. Ƙaya ta fara cin gindinsa. Kuma ga shi an ce ta yi kuka, a nan, da ƙarfi, doka ce.

Ta buɗe baki don aigo na farko, abin da ya fito ba nata ba ne na yau. Murya ce ta yarinya mai jego da aka toshe wa baki, ta fito da tsatsarta duka. Ta faɗi ta dafe ƙasa, ta yi ta dukanta da hannu biyu. Na kusa da ita suka yi shiru, sannan na gaba, har aka bar ta ita kaɗai. Makkum ta kama ta tana raɗa mata, "Ke, lafiya? Ya isa mana, ai ba ubanki ba ne!" Ina, ba ta ji. Hankali ɗaya ya rage mata, shi ne na kada ta kira suna, kuma ba ta kira ba. Ta ciji leɓe har jini ya ɓata farar rigar. Aka sauko da ita a goye.

Da yamma Chadol ya ce ta zauna a gida, ta ce a'a. Ta san ya kamata ta zauna, ta kuma san da kaka za ta tafi ba za ta sake ganin dutsen ba. Kwana uku aka ba ta a duk rayuwarta, ba ta iya barin ko safiya ɗaya. Ta koma, ta sake komawa. Ranar ƙarshe murya ta ƙare, bakinta kawai ke buɗewa, ta suma a gindin ginshiƙi.

Wakili Yun yana tsaye yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Shi mutum ne da ya karanta labarin talakawa masu biyayya a littattafai, bai taɓa zaton zai ga ɗaya da idonsa ba. Ya ce wa na kusa da shi, "Ku duba. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, ta fi mu duka sanin hakkin sarki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, da zuciya ɗaya kuma ya kai labarinta birnin lardi, daga can ya wuce babban birni. Ba mugu ba ne, ni shaida ce. Da mugu ne da an san yadda za a yi da shi.

Amsa ta zo bayan girbi, da ganga da mahaya. Aka tara ƙauye a ƙofar gidan Sawol, aka fito da ita tana dogara sanda. Mai shela ya karanta: saboda biyayyar wannan tsohuwa, an ba ta turmin alharini, za a kafa jar ƙofar girmamawa a bakin gidanta don na baya su gani su yi koyi. An kuma ɗaukaka gidanta, ɗanta ya zama shugaban masu gadin nung, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, muddin tudun na tsaye. Sannan ya karanta gidajen da aka sallama. Na Makkum na ciki.

Yun ya matso fuskarsa cike da murna. "Iya, na san na yi miki alkawarin sallama. Amma yaya za a yi in kori gida irin naku? Wannan ya fi abin da kika roƙa nesa ba kusa ba."

Sai da Chadol ya taɓa mata kafaɗa sannan ta tuna ana jiranta. Ta durƙusa, ta fuskanci kudu inda babban birni yake, ta kai goshi ƙasa ta yi godiya, shi ma ya yi.

Su Makkum suka tashi kafin sanyi. Ta zo sallama ta tsaya a ƙofa, karo na farko a rayuwarta ba ta sami abin tsokana ba. Ta ajiye wa Sawol tulun daddawar wake, ta riƙe hannunta, ta tafi.

Chadol bai yi wa uwarsa magana ba har aka gama kafa ƙofar aka shafe ta da ja. Matarsa ta warware buhunan tafiya ta mayar da su na gero. Wata safiya, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ya shigo ɗakin Sawol da tsintsiyar tudu a hannu, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ba faɗa ya zo yi ba. Muryarsa a kwance take, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Omoni, tambaya ɗaya zan yi miki, ba zan sake ba. Da Baba ya mutu na ga kukanki, bai kai rabin wannan ba. Sarkin nan ko ƙurar dokinsa ba ki taɓa gani ba. Ki gaya mini abin da ya yi miki, ko na samu abin da zan gaya wa ɗana in ya girma ya tambaye ni."

Sawol ta dube shi. Ga amsar a bakinta, 'yar gajeriya, suna ɗaya. In ta faɗa zai gane, zai yafe mata, wataƙila ma gobe ya bi ta wurin dutsen ya cire ƙayar. Kuma daga goben shugaban masu gadi ne da ya san an ɓoye gawa a cikin nung, shi za a fara shimfiɗewa, shi za a kora da matarsa da ɗansa. Ta ƙwace masa teku, abin da ya rage ta bar masa shi ne wuyansa.

Da guntuwar muryar da ta rage mata ta ce, "Sarki ne ai, Chadol. Ba a yi wa sarki kuka?"

Ya daɗe yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya ce, "Haka ne, Omoni." Ya miƙe, ya ja mata ƙyauren a hankali don kada sanyi ya shigo, ya tafi share kabarin.